Tsakanin Kabari da Ranar Tashi: Tsohuwar Gardamar Kirista a Bakin Gulbin Kabi

Duk wanda ya taɓa zama a gidan makokin Kirista a Badariya ta Birnin Kebbi, ko a wata unguwa a Argungu, ya san yadda gaisuwar take tafiya. An kafa rumfa, an jera kujerun roba, mata na ciki suna rera waƙa ƙasa-ƙasa. Dattijo ya shigo ya ce, "Baba ya tafi gida, yana wurin Ubangiji." Na bayansa ya ce, "Barci yake yi, sai ranar tashi." Wata 'yar Katolika ta matsa kusa da uwargida ta raɗa mata cewa ta kai sunan marigayin wurin Fada don a yi masa Misa. Maƙwabci Musulmi ya durƙusa ya ce, "Allah ya ba da haƙuri." Kowa ya amsa da amin. Ba wanda ya lura cewa kafin ruwan sha ya zagayo an riga an ba da amsa uku masu karo da juna a kan tambaya ɗaya: a wannan sa'a, ina mamacin yake, kuma me ya sani?

Kirista ba su saɓa ba a kan cewa matattu za su tashi. Wannan yana cikin shahadar bangaskiyar da Katolika da Angilika da 'yan ECWA suke riƙe da ita baki ɗaya. Saɓanin yana kan ratar da ke tsakanin ranar da aka rufe mutum da ƙasa da ranar da za a busa ƙaho. Rai yana farke ne ko yana barci? Ya riga ya shiga sakamakonsa ko zaman jira yake yi? Addu'ar masu rai tana isa gare shi? Tambayar ta girmi Kanta da ganuwar Surame da shekara kusan 1,500, kuma idan muna so mu gane yadda ta iso fadamar nan sai mun koma baya da nisa.

Wajen shekara ta 50 miladiyya, Manzo Bulus ya rubuta wasiƙa zuwa ga masu bi na Tasalonika, a ƙasar Girka ta yau. Mutanen nan sun sa rai Almasihu zai dawo suna raye. Sai mutuwa ta fara ɗauki ɗai-ɗai a cikinsu, hankalinsu ya tashi: waɗanda suka riga mu, sun yi asara ke nan? Bulus ya kira matattun masu barci, ya ce su ne ma za su fara tashi. Bahaushe zai ji wannan ya gyaɗa kai, don shi ma ya ce wanda ya riga ka barci zai riga ka tashi. To amma Bulus ɗin nan dai, da yake rubuta wa Filibiyawa daga kurkuku, ya nuna marmarin barin duniya don ya kasance tare da Almasihu, kamar babu wani jira a tsakani. A Linjilar Luka akwai labarin mai arziki da Li'azaru, inda matattu biyu suke gani, suke magana, ɗaya a cikin ni'ima ɗaya a cikin azaba, alhali 'yan'uwan mai arzikin suna nan duniya. Akwai kuma alkawarin Firdausi da Yesu ya yi wa ɗan fashin da aka gicciye kusa da shi. A Tsohon Alkawari kuwa, Yahudawa sun san wani wuri mai duhu da shiru da suke kira Sheyol, kuma Littafin Mai Hadishi ya kwatanta matattu a matsayin waɗanda ba su da labarin komai. Duk ɓangarorin da suka yi ta jayayya daga baya, daga wannan rumbu ɗaya kowa ya ɗebi hatsinsa.

Malaman ƙarni na 2 sun fi karkata ga zaman jira. Ireniyus na birnin Liyon, wajen 180, ya koyar cewa tunda Almasihu kansa ya kwana a wurin matattu kafin ya tashi, almajiri ba zai tsallake abin da malaminsa ya bi ba. A nan Afirka, Tartuliyan na Kartaj, a ƙasar Tunisiya ta yau, ya ce shahidai ne kaɗai ake buɗe wa Firdausi nan take, sauran salihai suna hutawa a ƙirjin Ibrahim har ranar shari'a. A garin nan dai, a shekarar 203, wata matashiyar uwa mai suna Farfetuwa tana kurkuku tana jiran a jefa ta ga namun daji, ta yi mafarkin ƙanenta da ya mutu yana ɗan shekara 7, yana fama da ƙishirwa a bakin kwarmin ruwan da ya fi tsawonsa. Ta duƙufa yi masa addu'a, ta sake ganinsa ya sha ya ƙoshi yana wasa. Addu'a ga mamaci ta shiga al'adar Kirista ta ƙofar ƙauna irin wannan tun kafin malamai su nema mata hujja.

Gabas kuwa wata iska ce take kaɗawa. Masanin tarihi Yusibiyus ya ba da labarin wasu Kiristocin ƙasar Larabawa, a shekarun 240, da suka ce rai yana mutuwa tare da jiki, kuma tare za a tashe su. Sai da aka kira babban malami Orijin ya zo taro ya shawo kansu. Amma ra'ayin barci bai mutu ba. Malaman da ke rubutu da harshen Siriyanci, irin su Afrahat a ƙarni na 4, sun riƙe cewa rai yana kwance cikin barci, na salihi mai daɗi, na mugu mai firgici, kuma Timoti na Ɗaya, shugaban Ikilisiyar Gabas a Bagadaza a zamanin Abbasiyawa, ya tsaya a kan cewa rai ba ya ji ba ya gani sai jiki ya dawo masa. A cikin waɗannan Kiristoci ne aka yi ta ba da labarin samarin Afisa da suka yi barcin shekaru aru-aru a kogo, labarin da mai karatu Musulmi ya sani da sunan Ashabul Kahfi.

Yammacin duniya ya bi sawun wani ɗan Afirka, Agustin, bishop na Hippo a Aljeriya ta yau. Mahaifiyarsa Monika, da ajali ya zo mata a 387 a ƙasar Italiya, ba ta damu da inda za a binne ta ba, roƙonta kawai a riƙa tunawa da ita a gaban bagade. Agustin ya kasa matattu uku: nagari ƙwarai da ba sa bukatar addu'a, miyagu ƙwarai da ba za ta amfane su ba, da na tsakiya, wato yawancinmu. Fafaroma Giregori Babba, wanda ya yi mulki daga 590 zuwa 604, ya ƙara da labarin wani ɗan zuhudu da aka yi wa Misa kwana 30 a jere har ya kuɓuta. Gidan zuhudu na Kuluni a Faransa ya keɓe ranar 2 ga Nuwamba don tunawa da dukan matattu masu bi. Zuwa ƙarshen ƙarni na 12 wannan tsarkakewa ta samu suna da wuri, Furgatori, kuma taron Liyon na 1274 ya shigar da ita cikin koyarwa.

Sannan aka yi abin da har yau yake ba masu tarihi mamaki. Ranar 1 ga Nuwamba 1331, a birnin Abinyon, Fafaroma Yohanna na 22, tsoho tukuf, ya hau mumbari ya ce tsarkaka ma ba su ga fuskar Allah ba tukuna, sai bayan tashin matattu. A gaskiya tsohon ba sabon abu ya ƙago ba, maganar Ireniyus ya tono. Amma duniya ta riga ta wuce nan. Idan tsarkaka ba sa gaban Allah, to masu tafiyar watanni zuwa kaburburansu neman ceto, wa suke roƙo? Malaman Jami'ar Faris suka yi ca, Sarkin Faransa Filib na Shida ya tara su suka yi fatawa a kan Fafaroma. Ranar 3 ga Disamba 1334, ana gobe zai rasu, ya janye maganarsa. Magajinsa Benedik na 12 ya rufe babin a Janairun 1336: ran da ya tsarkaka yana ganin Allah nan take, wanda ya mutu cikin babban zunubi yana faɗawa wuta nan take. A kan wannan Katolika suke har yau. Ikilisiyoyin Otodoks ba su karɓi wutar tsarkakewa ba, ko da aka matsa musu a taron Fulorens na 1439, amma ba su daina yi wa matattu addu'a ba, har da ta kwana uku, da tara, da arba'in.

Inda aka ce addu'a da sadaka suna rage wa mamaci wahala, ba a daɗewa sai ɗan kasuwa ya kafa rumfa. A Jamus aka shiga sayar da takardun sassauci, masu wa'azi suna ba talakawa tabbacin cewa kuɗinsu zai fid da iyayensu daga azaba. Wannan ne ya fusata Martin Luther har ya fitar da batutuwansa 95 a Oktoban 1517. Da aka rushe Furgatori sai tsohuwar tambaya ta dawo tsirara: to ina suke? Luther kansa ya karkata ga barci, yana kwatanta mamaci da wanda ya yi barci mai nauyi, ya farka bai san sa'o'i nawa suka wuce ba. William Tyndale, mai fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Ingilishi, ya ƙalubalanci ɗan Katolika Thomas More da tambaya mai kaifi: idan rayuka sun riga sun shiga sama, mene ne amfanin tashin matattu? Amma John Calvin, yana ɗan shekara 25, ya rubuta littafinsa na farko a kan tauhidi a 1534 don ya rusa wannan ra'ayi, ya ce rai yana farke, yana hutawa cikin sani a wurin Almasihu. Calvin ne ya yi rinjaye. Dattijon nan na Badariya da ya ce Baba yana wurin Ubangiji, jikan wannan littafi ne ko bai taɓa jin sunansa ba.

Ingila ta yi ta kai da kawowa. A 1553 Ikilisiyar Ingila ta rubuta tsinuwa ga masu cewa rai na barci, bayan shekara 10 ta cire wannan sashe, ta bar wanda ya ƙi Furgatori. Addu'a ga matattu ta ɓace daga bakin Angilika, sai da yaƙin 1914 zuwa 1918 ya cika gidaje da iyayen da ba su ga gawar 'ya'yansu ba ta fara dawowa. Akwai kuma wata shawara ta ofis da ta shafe mu kai tsaye. A 1826 Ƙungiyar Littafi Mai Tsarki ta Birtaniya ta daina buga littattafan da Furotesta ba su lissafa cikin nassi ba. A cikinsu akwai Makabiyawa na Biyu, inda Yahuza Makabi ya tara kuɗi ya aika Urushalima a yi hadaya saboda sojojinsa da suka faɗi, wato babbar hujjar Katolika.

Ra'ayin barci ya sake tsiro a Amurka. George Storrs ya buga wa'azozinsa shida a 1842 yana cewa rai ba madawwami ba ne da kansa, rashin mutuwa kyauta ce da za a bayar ranar tashi. Mabiyan William Miller, waɗanda suka jira dawowar Almasihu ranar 22 ga Oktoba 1844 ba su gan shi ba, da yawansu sun rungumi wannan, kuma daga cikinsu Ikilisiyar Adbentis masu kiyaye Asabar ta kafu a 1863. Charles Taze Russell ma ya sha daga wannan rijiya, ya fara mujallarsa a 1879, mabiyansa suka ɗauki sunan Shaidun Jehobah a 1931. Adbentis sun sauka a Erunmu kusa da Ibadan a 1914, suka iso Jengre a ƙasar Filato a farkon shekarun 1930.

Yanzu mu dawo gida. Lokacin da waɗannan ra'ayoyi suka doso kwarin nan, ba fili suka tarar ba. Ƙasar Kabi ta daɗe da Musulunci, kuma bayan da rundunar Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ta ci Birnin Kebbi a 1805, Gwandu ta zama cibiyar ilimi. Kabawa da suka koma Argungu sun yi ta gwabzawa da Gwandu da Sakkwato har zuwan Turawa, amma a kan abin da ke faruwa a kabari ba a ja daga ba. Waƙoƙin wa'azi, na Nana Asma'u da 'yan tarunta da irin su Gangar Wa'azu, sun kai labarin barzahu har cikin turakar mata: tambayar Munkari da Nakiri, kabarin da ke yalwata ga mumini ya ƙuntata ga fajiri. Harshen kansa ya jiƙu da wannan. Muna cewa mutum ya kwanta dama, ya riga mu gidan gaskiya. Muna roƙon Allah ya kyauta makwanci, ya kai haske kabarinsa. Duk waɗannan suna ɗaukar mamaci a matsayin mai ji, kuma mai amfana da addu'a. A gefe guda kuma tsohuwar maganar kurwa da fatalwa da iskokin ruwa tana nan a bakin masunta, haka ma karin maganar da ta ce barci ƙanen mutuwa ne.

Alkawarin da Baturen mulki Lugga ya yi a Sakkwato a 1903, cewa ba za a taɓa addini ba, ya sa an hana 'yan mishan shiga ƙasashen sarakuna shekaru masu yawa. Saboda haka Kiristanci bai shigo Birnin Kebbi da Argungu ta hannun Bature mai wa'azi ba, sai ta hannun akawu da ɗan sanda da malamin asibiti da ɗan kasuwa daga Kudu, kowa da irin cocin garinsu. Mishan ta samu gindin zama ne a kudancin lardin, a ƙasar Zuru, inda United Missionary Society ta kafu a shekarun 1920, asalin cocin UMCA. Mishan ta SIM kuwa ta samu shiga lardin Sakkwato a shekarun 1930 ta hanyar jinyar kutare, a Amanawa, kuma daga aikinta ne ECWA ta fito a 1954. Waɗannan duka 'yan bishara ne, amsarsu ta Calvin ce: da zarar numfashi ya yanke an gama, babu addu'ar da za ta ƙara ko ta rage.

Ka dubi abin da wannan yake nufi ga mutumin Zuru. Lelna, waɗanda muke kira Dakarkari, sun shahara da tukwanen kabari, siffofin yumɓu na mutane da dabbobi da mata suke ginawa a ɗora a kan kaburburan manyan manoma da mafarauta da 'yan kokawa. A wurinsu mamaci bai fita daga cikin dangi ba. Aka zo aka ce wa sabon tuba ya daina kai wa kakanni komai, ya daina ma roƙa musu. Sojoji da 'yan sanda da malaman makarantar Zuru suna cikin waɗanda suka cika cocin Hausa a Birnin Kebbi daga baya, kuma ban tsammanin wannan tambo ya gama warkewa a zukatan tsofaffinsu ba.

A 1932 cikakken Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa, aikin da Likita Walter Miller na Zariya ya yi wa jagoranci, kuma ƙungiyar nan ta Birtaniya ce ta buga. Littattafai 66 ne, babu Makabiyawa. Shawarar da aka yanke a Landan shekara 106 kafin nan ita ta hana mai karatun Hausa ganin hujjar addu'a ga mamaci a cikin littafinsa. Amma masu fassara, na lokacin da na bayansu, ba su da wasu kalmomi sai waɗanda suka tarar: lahira, Firdausi, Jahannama, mala'ika. Kowace kalma ta zo da kayanta a ka. Sheyol na Yahudawa rami ne na shiru, lahirar Bahaushe kuwa cike take da hisabi. Fasto yana karanta ɗaya, jama'a suna jin ɗayar.

Katolika sun iso da ƙarfinsu a makare. Limaman Dominika daga Amurka ne aka danƙa wa yankin Sakkwato a 1953, ya zama dayosis a 1964, kuma Birnin Kebbi da Argungu suna ƙarƙashinsa, inda Bishop Matthew Hassan Kukah yake jagoranci tun 2011. Da su ne ranar 2 ga Nuwamba ta Kuluni ta iso bakin gulbi, daidai lokacin da iskar hunturu ke fara busawa: a kai sunayen matattu, a yi Misa, a ziyarci kaburbura a yayyafa ruwa mai tsarki. Abin lura shi ne maƙwabci Musulmi ya fi saurin gane wannan fiye da ɗan'uwa Furotesta, don shi ma yana da sadakar uku da bakwai da arba'in. Kuma da Izala ta kafu a Jos a 1978 ta soki waɗannan tarurruka a matsayin bidi'a, ko da yake ba ta hana yi wa mamaci addu'a ba, sai ga gidaje biyu a unguwa ɗaya kowanne yana fama da irin tasa gardamar a kan haƙƙin matattu.

Da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi ranar 27 ga Agusta 1991, Birnin Kebbi ya tashi daga garin sarki zuwa babban birni. Ma'aikata suka kwararo, coci-coci suka yawaita, kuma duk amsoshin da muka bi sawunsu tun daga Tasalonika suka haɗu a gari ɗaya. Shaidun Jehobah suna bi gida-gida da Hasumiyar Tsaro, suna buɗe Mai Hadishi su nuna maka cewa matattu ba su san komai ba. Idan ka kawo musu ɗan fashin da aka yi wa alkawarin Firdausi, sai su tuna maka cewa tsofaffin rubuce-rubucen Girkanci ba su da waƙafi, don haka kalmar "yau" tana iya komawa ga ranar da aka yi alkawarin, ba ranar cika shi ba. Fassarar tasu a can ta sa waƙafin. Cocin Fentikos kuwa sun zo da wata hujja da Calvin ba zai karɓa ba: shaidar mutanen da suka ce sun mutu, an zaga da su sama da wuta, sun dawo. Da a kaset ake jin su, yanzu a waya ake turawa.

A nawa ganin, babu ɗaya daga cikin ɓangarorin nan da ya kayar da saura a nan, kuma wanda ya fi kowa rinjaye ba ya cikin jerin malaman da muka ambata. Harshen Hausa ne. A makarantar Littafi Mai Tsarki ana koya wa ɗalibi cewa addu'ar makoki ta masu rai ce, ya ce Allah ya ta'azantar, Allah ya ba da haƙuri, ya tsaya nan. A takardar jana'iza ana rubuta cewa marigayi ya yi barci cikin Ubangiji, a wa'azi a ce yanzu haka yana waƙa tare da mala'iku, ba wanda ya ga saɓani. Sai a dawo daga maƙabarta, a wanke hannu, a zauna a rumfa. Wani ya tuna yadda marigayin yake raba kifi ga maƙwabta duk lokacin da ya dawo daga Argungu. Dattijon ikilisiya, wanda ya shekara talatin yana koyar da cewa ba a yi wa matattu addu'a, ya sunkuyar da kai ya ce, "Kai, mutumin kirki. Allah ya jiƙansa." Fasto yana zaune kusa da shi, ya ce amin.